Jirgin da Ba Namu Ba

Mahaifina direba ne. Ko yanzu da ya ajiye sitiyari, idan ka tambaye shi nisan wani wuri ba zai taɓa ba ka amsa da kilomita ba. Awa zai faɗa maka, sannan ya biyo da sharuɗɗa: in ba a yi ruwa ba, in ba ranar kasuwa ba ce, in kai ba mai yawan tsayawa kama ruwa ba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin hanya guda, yau daga garinmu zuwa babban birni, gobe ya juyo. Kilomita ɗari shida da arba'in ce, amma wannan ni na duba a waya, shi bai taɓa damuwa ya sani ba. Abin da ya sani shi ne awa takwas yake yi, ba bakwai da rabi ba, ba tara ba. Tun ina ƙarama 'yan tasha suka ajiye sunansa na yanka suka koma kiransa Baba Takwas.

Mutum ne da ba ya shiga abin hawa sai ya zagaya shi. Ko motar wani ce aka ce ya zo a rage masa hanya, sai ya shuri taya huɗun nan da gefen takalminsa, ya sunkuya ya leƙa ƙasa ko mai yana ɗiga, mai motar yana tsaye yana kallonsa. Sau nawa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. A tasha kuwa, daga bakin ƙofa yake gane motar da za ta tashi da wadda ba za ta tashi ba. Wadda ke gaba a layi ita ce ke lodi, kowa ya san wannan. Amma shi yana da ƙarin sani: in ya ga an ɗaga bonet ɗinta bayan rana ta ɗaga, makanike ya zura kai ciki, wani kuma yana tsaye yana sosa ƙeya, sai ya ce da fasinjoji su nemi wata, wannan a nan za ta kwana. Ban taɓa jin an ce ya faɗa bai zama haka ba, kuma wannan ne ya sa ba a iya yi masa gardama.

Mu biyu ya haifa, duk mata. Ni ce babba, yana kirana Uwata. Na gado bakin Mama, Allah ya jiƙanta, na kuma gado jininta. Auta ta gado shirun Baba da jininsa, irin jinin nan O nagatif da ake shan wuya kafin a samu. Ni ina aiki a kantin magani a garinmu, ita kuma aure ya kai ta babban birnin, can ƙarshen hanyar Baba.

Ranar da nake son ba da labarinta Talata ce. Bakwai saura minti goma na safe mijin Auta ya kira ni. Cikinta na fari wata takwas, jini ya ɓalle mata da asuba, suna asibiti. Likita ya ce mabiyiya ce ta tare hanya, dole a yi mata aiki a ranar. Jinin ya lafa, amma ba zai taɓa ta da wuƙa ba sai da ledar jini biyu a ajiye. Sun buga waya duk inda suka sani, leda ɗaya tak aka samu.

"Yaya, ya ce zai iya jira zuwa ƙarfe biyu," in ji mijin. "Amma in jinin ya dawo kafin nan, zai shiga da abin da yake da shi."

Na iske Baba a tsakar gida yana goge takalmi. Ya saurare ni har na gama, ya dubi agogon hannunsa.

"In mun tashi bakwai da rabi, uku da rabi muna ƙofar asibitin."

"Ƙarfe biyu aka ce, Baba."

"Zan iya rage minti arba'in."

"Ko ka rage awa guda ba ta kai ba. Jirgi za mu hau. Akwai na goma da rabi, awa ɗaya da minti biyar ne. Daga filin jirgin can zuwa asibiti minti arba'in. Sha biyu da kwata kana zaune ana ɗibar jininka."

Ya ajiye takalmin. "Awa nawa kika ce?"

"Ɗaya da minti biyar."

"Har da gadar?"

Wata gada ce a tsakiyar hanyarsa, inda manyan motoci ke cushewa. Da wata rana ce da na yi dariya. Na ce masa har da gadar, ya tashi ya sa riga.

Abokinsa ne ya kai mu filin jirgi, wani direba sa'ansa da muke kira Kawu Mai Jar Mota. Tare suka yi tasha shekara da shekaru. Da muka sauka na ji Baba yana ce masa kada ya tafi sai ya ga mun tashi. Haka direbobi suke yi wa nasu, ba a barin mutum sai motarsa ta ɗaga. Ban kawo komai a raina ba, na ja hannunsa muka shiga.

Bai taɓa shiga filin jirgi ba. Aka sa ya cire bel da agogo da takalmi, ya cire duka. Aka ba mu takardun shiga jirgi, ya ninke tasa gida huɗu ya sa a aljihun gaba. Ɗakin jira dogo ne, kujerun ƙarfe a jere, bangon gaba duk gilashi. Ta cikin gilashin, daidai ƙofar da aka rubuta mana a takarda, ga wani farin jirgi a tsaye. Baba ya zaɓi kujerar da ke fuskantarsa ya zauna, ya zuba masa ido.

Goma da rabi ta yi ba a kira mu ba. Sai wata murya ta fito ta lasifika, mai taushi kamar ba abin da ya dame ta a duniya, ta ce an ɗan samu jinkiri, sai sha ɗaya da kwata. Na yi lissafi da sauri, har yanzu da sauran lokaci. Na gaya wa Baba. Ya gyaɗa kai, ya dubi agogo.

"Da yanzu mun wuce inda ake sayar da tukwane," ya ce.

"Baba, don Allah."

Bayan minti ashirin ya sake cewa, da yanzu muna gangaren nan mai lanƙwasa biyu. Ba da ni yake ba, da kansa yake. Yana zaune a kujerar ƙarfe amma a kansa yana kan hanya, ƙafarsa ta dama tana motsi a ƙasa. Raina ya fara ɓaci, domin duk garin da ya ambata ji nake kamar ni yake tuhuma.

Sha ɗaya da kwata ta zo ta wuce, lasifika shiru. Mutane suka fara guna-guni. Wani mai babban tumbi a bayanmu ya ce makon jiya haka aka yi musu, har yamma, daga ƙarshe aka ce sai gobe. Irin mutanen nan ne da ba su da labari sai mai karya gwiwa, kuma ba sa iya faɗinsa a hankali. Daidai nan wasu ma'aikata biyu masu riga mai ƙyalli suka turo tsani zuwa jikin farin jirgin. Ɗaya ya hau ya buɗe murfin injin da ke ƙarƙashin fiffike, ya zura kai. Ɗayan ya tsaya a ƙasa. Can sai ga na uku da akwatin kayan aiki. Na ga Baba ya miƙe zaune, ya daina motsa ƙafa.

Mijin Auta ya kira, ya ce tana tambayar ko mun taso. Na ce muna dab da tashi. Na kashe wayar, na ce wa Baba ya zauna nan kada ya motsa, zan je in ji bakin ma'aikatan. Sha biyu saura ashirin da biyar ke nan.

Layi na tarar a gaban teburin, kowa da tasa masifar. Sai da na yi minti ashirin kafin na kai gaban yarinyar da ke zaune. Na buɗe baki zan zazzage mata duk abin da na tara tun safe, sai ta riga ni.

"Ki yi haƙuri, ruwa aka yi a garin da jirgin ya kwana, shi ya sa bai taso da wuri ba. Yanzu yana sama. Sha biyu da minti goma zai sauka, da ashirin da biyar za mu fara kira, ɗaya saura kwata ku tashi."

"Wane jirgi ne yake sama? Ba ga shi can an buɗe masa ciki ba?"

Ta waiwaya ta dubi gilashin. "A'a, wannan ai ba naku ba ne. Tun jiya yake nan, gyara ake masa. Naku zai tsaya can gefe, ku taka da ƙafa."

Na ji sanyi a raina. Ɗaya saura kwata, a ƙara awa ɗaya da minti biyar, a ƙara minti arba'in. Za mu makara da rabin awa, amma rabin awa abu ne da za a iya roƙon likita. Na juyo da sauri in gaya wa Baba.

Kujerarsa ba kowa. Jakarsa ma ba ta nan.

Wata dattijuwa da ke zaune kusa ta ɗago hannu. "Ke ce 'yar mai hular nan? Ya ce in gaya miki ya bi hanya. Wai wannan jirgin a nan zai kwana, ke ki zauna ki jira ko Allah zai sa, shi ba zai iya zama yana kallo ba."

"Yaushe ya fita?"

"Kina tashi."

Ban san lokacin da na ce innalillahi da ƙarfi ba, har mutane suka juyo. Nan take na gane abin da ya faru. Ya ga abin hawa a gaban layi, ya ɗauka shi ne ke lodi. Ya ga an ɗaga bonet rana tsaka, makanike ya zura kai, wani yana tsaye a ƙasa. Shekara talatin da ɗaya idonsa bai taɓa yi masa ƙarya a kan wannan ba. Ya yi lissafinsa: gara ya isa da takwas na dare da jininsa a jikinsa, ko bayan aikin ne a ƙara mata, da ya kwana a kujerar ƙarfe. Ni kuma bai gaya min ba saboda ya san bakina.

Na kira wayarsa, tana ta ringin ba a ɗauka. Na sake, na sake. A karo na huɗu na tuna: Baba ba ya taɓa waya in yana tuƙi. Ke nan shi ya karɓi sitiyarin. Lambar Kawu ba ta cikin wayata, sai da na kira matarsa, ita kuma sai da ta gama tambayata lafiya, ta nemo tabarau. Sha biyu da minti biyar Kawu ya ɗauka.

"Kawu, ku juyo! Ku juyo yanzun nan! Ba jirginmu ba ne ya gani, namu yana sama, yanzu zai sauka!"

Na ji yana maimaita wa Baba. Sai ƙarar iska. Sannan muryar Baba daga nesa.

"Tambaye ta ƙarfe nawa."

"Sha biyu da ashirin da biyar za a fara kira. Kuna ina?"

"Mun wuce inda tireloli ke kwana," in ji Kawu. "Kuma 'yata, nan tagwayen hanya ce, akwai shingen kankare a tsakiya. Ba a juyawa sai gaba."

"Gaba ina?"

Baba ne ya amsa, a hankali, kamar yana karanta takarda. "Minti shida zuwa inda shingen ya karye. Daga can minti talatin da ɗaya zuwa ƙofar filin. Zan yi shi a ashirin da shida. Ki ce su jira."

Ki ce su jira. A tasha in mutum ya ce a jira shi yana hanya, ana jiransa, ɗan kamasho ya ɗan ja lodi, direba ya je ya sha ruwa. Na koma wajen yarinyar tebur na gaya mata komai, ban ɓoye ko ɗaya ba, har sunan jinin. Ta saurara, fuskarta ta canza. Ta ce ba ita ke riƙe da ƙofa ba, amma za ta sa mu zama na ƙarshe, kuma za ta gaya wa shugabansu.

Jirgin ya sauka, wani shuɗi, ƙarami, ya tsaya can gefe kamar yadda ta faɗa. Mutanensa suka fito. Aka fara kira. Na tsaya a bakin ƙofa, waya a kunne, ina kallon layin yana raguwa. Ban taɓa fatan mutane su yi nawa ba sai ranar. Wata mata ta tsaya neman takardarta a jaka, na ji kamar in rungume ta. Kawu yana faɗa min inda suke: sun juyo, sun wuce tirelolin, sun kai gidan mai, sun shiga kwanar filin jirgi. A nan suka tarar da layin motoci, ana duba but ɗin motocin ɗaya bayan ɗaya.

"Ya fita," in ji Kawu. "Ya bar min motar a tsakiyar titi, yana gudu da ƙafa."

Mutum mai shekara hamsin da tara, da ciwon gwiwa. Layin gabana ya ƙare, saura ni kaɗai. Shugaban ma'aikatan ya zo, wani dogo mai rediyo a hannu. Ya ba ni minti uku, ya ƙara biyu da kansa ban roƙa ba. Rediyon ta yi magana, ya amsa, ya dube ni.

"Baiwar Allah, ba zan iya ƙarawa ba. Akwai jirage a bayansa suna jiran hanya. Ko ki shiga, ko in rufe."

"Wani jirgin fa?"

"Sai gobe da safe."

Wayata ta yi ƙara, lambar Baba. Yana haki har ba na gane maganarsa sosai. Ya kai wajen bincike, mutum tara ne a gabansa, an ce ya cire bel.

"Baba, za su rufe."

"Shiga."

"In shiga in kai mata me? Jinina ba ya yi mata!"

"Ki kai mata fuskarki. Kada ta buɗe ido ba ta ga kowa nata ba. Shiga, Uwata."

Na shiga. Ina taka kwaltar zuwa jirgin ina kuka, kuma ba kukan tausayi ba ne, na haushi ne. Da Baba yana gabana a lokacin, da na faɗa masa maganar da zan yi nadamarta har in mutu.

Kujerarsa ce ta jikin taga. Na zauna a tawa, tasa ba kowa. Da muka ɗaga na leƙa, sai ga hanyar a ƙasa, siririya kamar zare, motoci a kai kamar ba sa motsi. Na san ya riga ya koma kanta. Ni ga ni a sama, zan isa cikin awa ɗaya da minti biyar ba tare da abin da ake jira ba, abin da ake jira kuma yana ƙasa yana bin kwana-kwana.

Na ƙirga kawunan da ke gabana, na waiwaya na ƙirga na baya. Mun haura saba'in. A kantin magani na san cewa irin jinin nan yana wuya, amma ba wai babu shi ba ne. Na kira ma'aikaciyar jirgi na ce ta taimaka ta yi sanarwa. Ta ce sai ta nemi izini, ta tafi gaba. Minti biyar ba ta dawo ba. Awa ɗaya da minti biyar da nake yi wa Baba alfahari da ita sai ta zama gajera, har an ci rubu'inta.

Na kwance bel na miƙe a tsakiyar jirgin. Ni a tasha na girma, na san yadda ake ɗaga murya ta kai ƙarshen rumfa.

"Jama'a, ku yi haƙuri! Ƙanwata tana asibiti za a yi mata aikin haihuwa, ana neman jini O nagatif. Mai ba ta jinin mahaifinmu ne, jirgin nan ya tashi ya bar shi. Don girman Allah, in akwai mai irin jinin nan, ya taimake mu."

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka juya ga taga. Mai tumbin nan ya ce shi dai O ne, amma bai san wane iri ba, kuma yana da sukari. Wata ta ce Allah ya ba ta lafiya. Na tsaya riƙe da kan kujera, kunya tana cina, na ƙi zama. Na maimaita.

Can baya wani siririn mutum ya ɗaga hannu rabi, kamar ɗalibin da bai tabbatar da amsarsa ba. Ya zaro walat, ya daɗe yana lalube, ya fito da wani ɗan katin gwajin jini da ya sha jiki.

"Duba min nan, ko shi ne. Matata ce ta tilasta min yawo da shi."

Shi ne. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, wani otal ya kira shi aiki, ana jiransa ƙarfe uku. Ya ce bai taɓa ba da jini ba, kuma gaskiya yana tsoron allura. Na ce ni ma ina tsoro. Ya mayar da katin, ya ce to, su jira, zafi bai taɓa kashe mai otal ba.

Biyu saura minti biyar muka sauka. Na kunna waya, kira bakwai daga mijin Auta. Jinin ya dawo tun ɗaya da minti ashirin, an shiga da ita da leda ɗayan nan. Ma'aikaciyar jirgin ta tare mutane da hannu ta bar mu muka fara fita. Mai tasi ya ce minti arba'in ne in ba gosulo, na ce masa yau babu gosulo, ko akwai babu. Mutumin yana rungume da jakar kayan aikinsa a baya, duk kwanar da aka sha sai ya yi salati.

Uku saura kwata muka shiga asibitin. Mijin Auta yana tsaye a baranda, ya dube ni, ya dubi bayana yana neman Baba. Ban tsaya bayani ba. Ashe ba a ɗibar jini a kai shi kai tsaye, sai an gwada, an auna, an haɗa da nata an gani. Wata nas ta fito daga ɗakin tiyata sau biyu tana tambayar ina jinin, a karo na biyu ba ta ko kalle mu ba. Uku da rabi aka wuce da ledar a guje. Na zauna a ƙasa a jikin bango.

Huɗu da minti goma likita ya fito yana cire hular kansa. An samu mace, ƙarama ce, an sa ta a kwalba. Uwar tana raye. Ya ce ledar farko ta ƙare tun kafin ta biyun ta iso, sun riƙe ta da ƙarin ruwa. Mai gyaran sanyi yana zaune da auduga a hannu yana shan lemo, ya ƙi karɓar ko kuɗin mota, ya ce in dai gaya wa matarsa a waya, don ba za ta yarda ba in shi ya faɗa.

Na kira Baba, ba a ɗauka ba. Na kira Kawu, a kashe. Na tura saƙo, na sake kira, har na gaji. Daga baya Kawu ya gaya min Baba ne ya sa shi ya kashe. Ya ce labari mai daɗi ba zai ƙara wa motar gudu ba, in kuma ɗayan ne, bai san abin da hannunsa zai yi da sitiyari ba. Haka suka yi tafiyar, ba rediyo, ba magana, sau ɗaya suka tsaya shan mai.

Auta ta farka wajen shida. Ta gan ni, ta motsa baki. Na kai kunne, Baba take tambaya. Na ce yana hanya.

Takwas da minti goma ina tsaye a baranda na hango shi daga ƙarshenta. Yana ɗingishi, ba hula, yana tafe yana naɗe hannun rigarsa na hagu. Tun a jirgi nake shirya abin da zan faɗa masa, na jera shi tsaf, da farko da ƙarshe. Da ya matso na ga idonsa, sai duk ya zube. Bai tambaye ni komai ba. Tsoron tambayar yake.

"Baba, tana raye. An samu mace. An samu wani ya bayar."

Ya tsaya. Ya dafa bango da tafin hannu, ya daɗe a haka, kansa a ƙasa.

"Jirgin nan da aka buɗe wa ciki," ya ce, "da gaske ba shi ba ne?"

"Ba shi ba ne."

Ya gyaɗa kai. Na ce ya zo ya gan ta, tana ta tambayarsa. Ya ce tukuna, ina ne ake ɗibar jinin? Na ce ai an gama, ba a buƙata. Kamar da bangon nake. Ya bi alamar da ke rataye har ɗakin gwaji, ina biye da shi. Wata nas ce kaɗai a ciki tana haɗa kayanta. Ya ja kujera ya zauna, ya miƙe hannu a kan tebur.

"Baba, wa za a ba wa?" ta tambaya.

Na yi mata bayani a gajarce. Ta ce masa cikin ladabi 'yarsa ba ta buƙata yanzu, ya je ya huta, ga shi ko ruwa da alama bai sha ba.

"Na ji. Ki ɗiba."

"To a kai wa wa?"

"Ki sa a firij ɗinku. Gobe wata za ta zo, ubanta yana kan hanya."

Nas ɗin ta dube ni. Ta ajiye jakarta, ta zuba ruwa a kofi ta ba shi ta ce ya shanye tas, ta auna shi, sannan ta ɗauko roba ta ɗaure masa a dantse.